Wa ke da bakin titin Ibrahim Taiwo?

Idan ana lissafin filaye masu tsada a Kano, hankali yakan tafi Nasarawa ko gefen titin Zariya. Ba a cika tunawa da ɗan siririn wurin nan da ke tsakanin ƙofar shago da bakin kwalta a titin Ibrahim Taiwo ba, wanda a wasu wuraren faɗinsa bai wuce taku uku ba. Ba shi da takardar mallaka, ba ya cikin taswirar ma'aikatar ƙasa a matsayin fuloti, a doka ma hanyar masu tafiya a ƙasa ce da murfin lambatu. Duk da haka ana hayarsa, ana sayar da shi, ana gadonsa, ana faɗa a kansa har a dangana da ofishin 'yan sanda. In aka auna abin da mai tebur yake biya a kan wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, aka gwada da abin da yake komawa gida da shi da yamma, ina ganin da wuya a sami ɗan haya a birnin nan da ya kai shi biyan tsada.

Duk lokacin da maganar masu kasa kaya a wannan titi ta taso, mutane kan rabu gida biyu. Mai motar da cunkoso ya riƙe tsakanin kasuwannin Kwari da Singa cewa yake a kwashe su, titi ba kasuwa ba ne. Mai tausayi kuma ya ce a ƙyale bayin Allah, ai gara su da masu ƙwacen waya. Dukansu sun ɗauka rigimar ta ɓangare biyu ce, hukuma da talaka. Alhali hukuma jefi-jefi take zuwa. Kokawar kullum tsakanin talakawan take su ya su: mai tebur da mai baro, mai baro da ɗan adaidaita sahu, tsohon zama da sabon zuwa. Masu cin ribar kokawar kuwa suna cikin inuwa, kuma ba kasafai ake ambaton su ba.

Wurin ba a tsara shi don ɗaukar wannan nauyi ba. Tun kafin Bature ya ci Kano a 1903, Fagge zango ce a wajen ganuwa, inda ayarin Azbinawa ke sauke gishiri su huta da raƙumansu. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Turawa suka yanka ƙasar da ke tsakanin ganuwa da tasha: kamfanoninsu kusa da layin dogo, Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, sannan wani yanki na Fagge ta Kudu domin fataken Siriya da Labanan. Waɗannan sun gina gidajen zama ne masu kanti a gaba. Da suka fara komawa sababbin unguwanni da harkar masana'antu, 'yan kasuwar gida suka karɓi gidajen, ɗakunan kwana suka zama shaguna, tsakar gida ta zama rumfuna. Shi ya sa har gobe in ka tambayi shago a Kantin Kwari ko Singa, da sunan gida za a kwatanta maka, a ce gidan wane, hawa na kaza. Kasuwa ce da ta tsiro a cikin unguwa, da titunan unguwa da magudanan ruwan unguwa. Shirin raya birni na shekara 20 da wani mai suna Trevallion ya rubuta, na 1963 zuwa 1983, an yi shi ne lokacin da mutanen birnin ba su kai rabin miliyan ba. Titin kuwa ya sami sunansa daga Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na jihar Kwara, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Janar Murtala.

A yau wannan ɗan yanki yana ɗauke da Kantin Kwari, inda 'yan sari daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa ɗaukar atamfa da shadda da leshi. Da Singa ta kayan masarufi. Da masu waya na titin Beirut. Da 'yan canji na Wapa. Ga kasuwar Sabon Gari ba nisa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Fagge mutum kusan 200,000, amma wannan lissafin masu kwana ne. Masu wuni sun ninka su, kuma su mai tebur ya biyo. Abin da yake nema a Ibrahim Taiwo ba ƙasa ba ce, ƙafar mutane ce. Ba wanda ke fitowa daga Rijiyar Lemo takanas don ya sayi safa ko caja ko rake. Mutum ya zo sarin yadi ne, idonsa ya faɗa kan safar, ya tuna ta gida ta yage. Duk wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta mamakin me ya sa ake ba su rumfa kyauta a wani wuri su ƙi zama.

Mai wucewa a mota hargitsi kawai yake gani, amma bakin titin yana da matakai, kowa ya san nasa. A sama akwai mai shago, wanda shi ma galibi ɗan haya ne da ke biyan kuɗin shekara a dunƙule. Ƙofar shagonsa ba tasa ba ce a doka, amma shi ke da ta cewa a kanta. Shi zai ba wani izinin ajiye tebur: ko yaronsa da ya isa yaye amma babu kuɗin kama masa shago, ko ɗan'uwa daga ƙauye, ko baƙon da zai riƙa biya. Mai tebur yana da lema, yana da inda yake ajiye kaya da daddare, yana ba da kuɗin gadi, abokan cinikinsa sun san inda za su same shi. A idon na ƙasa da shi, ya zama mutum.

Na ƙasa da shi shi ne mai kasa kaya a kan buhu ko leda: takalma, gwanjo, makullai, tabarau. Yana shimfiɗa ne yadda zai iya tattara bakin buhun huɗu ya ruga in an ce ga su nan. Sai mai baro, wanda kayansa ke bin lokaci, mangwaro da bazara, rake da sanyi, dabino da kankana da azumi. Sau da yawa baron ma ba nasa ba ne, haya yake biya kullum, an yi ciniki ko ba a yi ba. Shi ba shi da wurin kansa, sai inda ya ga fili ya tsaya har a ce masa matsa. A can ƙasa kuma akwai mai talla da kayansa a ka ko a hannu, yana ratsa tsakanin motoci da ruwan leda da goro da tsumman goge gilashi. Cunkoson da ke ƙona wa direba rai da mai, shi ne kasuwarsa. Ranar da titi ya buɗe, ranar bai yi ciniki ba.

Akwai doka a tsakaninsu, ko da ba a rubuta ba. Wanda ya riga zama shi ke da wuri. In damina ta faɗi zai koma gona, sai ya bar ƙanensa ya riƙe masa, don in wurin ya yi kwana biyu babu kowa, wani zai dasa tebur, fitar da shi kuwa sai an kai ruwa rana. In mai wuri ya rasu, ɗansa ne ke zama. In zai bar sana'a, yakan sayar da wurin a gaban shaidu da shugaban layi, a biya shi kuɗin abin da ba nasa ba, kowa kuma ya yarda cinikin ya ƙullu. Har lokaci ma an raba. Wurin da mai shayi da mai koko da ƙosai suka riƙe da asuba, kafin hantsi ya koma na mai yadi. Bayan magariba, in an rufe shaguna, mai tsire da mai indomi da ƙwai su karɓa. A goman ƙarshe na azumi ne kawai tsarin ke ɓaci, saboda kowa a Kano ya zama ɗan kasuwa, kuma a lokacin ne aka fi jin hayaniya.

Wannan tsari yana aiki, amma kada a yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Ba na adalci ba ne. Mai ubangida yake fifitawa, da wanda garinsu ɗaya da shugaban layi, da mai ƙarfin da ba a iya turewa. Yaron da ya sauka a tasha jiya bai san kowa ba, rabonsa tsakiyar titi ne.

Hanya mafi sauƙi ta gane wa ke cin moriyar abin ita ce a bi kayan a ga daga ina suka fito. Atamfar da ke kan tebur daga dilar da aka kwance a cikin Kwari take, wadda wani babban ɗan kasuwa ya yi odarta daga Sin. Biskit da alawa da sabulun da ke kan baro daga katan ɗin da aka fasa a Singa suke. Da yawan masu kasawa ba su da jarin kansu: da safe su karɓi kaya a hannun mai shago, da yamma a yi balas, a mayar da abin da ya rage. In ruwa ya jiƙa kaya, ko rana ta kashe musu launi, ko jami'ai suka kwashe su, asarar a wuyan yaron take, bashi ne da zai biya. Ta nan babban ɗan kasuwa ya sami reshen da ba ya biya wa haya da ma'aikacin da ba ya ba albashi. Haka manyan kamfanoni: lemomin da ke bakin titi da launin kamfanonin waya suke, kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu POS suka ƙaru, kowane da ɗan teburinsa, yana yi wa bankuna aikin da da sai sun buɗe reshe. Saboda haka in ka ji mai shago yana kukan 'yan tebur sun tare masa ƙofa, ka saurara da kyau. Sau da yawa ba teburin yake ƙi ba, teburin da ba nasa ba yake ƙi.

Masu neman wurin kuma kullum ƙaruwa suke. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da suka ɗauki dubban ma'aikata a shekarun 1970, sun yi ta rufewa tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wuta ga kayan waje masu araha. Yadin da ya kashe masaƙa shi ne ɗan tsohon ma'aikacin masaƙar yake kasawa a tebur yanzu. Cirani a da zuwa ne da komawa: a zo bayan girbi, a koma da ruwan farko. Yanzu wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Zamfara ko Katsina, ko wanda ya baro Borno, babu gonar da zai koma. A Janairun 2013 gwamnati ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Waɗanda suka sami hali suka koma adaidaita sahu, sauran suka bazu cikin ƙananan sana'o'i. Sannan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, naira ta faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wannan ya turo wasu irin mutane daga sama: mai shagon da haya ta gagara ya sauko tebur, ma'aikacin da albashi ba ya kai shi tsakiyar wata ya ɗora ɗansa a kan baro, mai digiri ya kafa lemar POS. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da mutum 9 cikin 10 na masu aiki a Najeriya sana'ar da ba ta da rajista suke yi. Ana turowa daga ƙauye, ana gangarowa daga shago, titin kuwa faɗinsa na nan yadda yake.

A nan ne talaka ke taka talaka. Ɗan adaidaita sahu yana buƙatar bakin titin don ɗauka da saukewa, kuma yana ganin ya fi mai baro haƙƙi saboda shi yana da lamba yana biyan haraji. Ai a kan harajin naira 100 na kullum suka yi yajin aiki a Fabrairun 2021, suka sake yi a Janairun 2022 a kan naira 8,000 ta sabunta izini. Ɗan dako da mai kura suna buƙatar hanya daga babbar mota zuwa sito, kowane tebur da ya tare su ƙarin zagaye ne da dila a ka. Mai tafiya a ƙasa, wanda shi ma ba mai mota ba ne, an ture shi kan kwalta yana kauce wa madubin motoci. Tsohuwa da makaho da mai keken guragu su ne suka fi shan wahalar wannan, kuma ba su da ƙungiya.

Mata da 'yan mata ne a ƙarshen layi. Mai abinci da ke ciyar da rabin masu teburin ba ta da wurin da za a kira nata, sai lungu ko bayan mota. Yarinyar da ke yawo da awara ko gyaɗa ko fura, a bayan farantinta akwai uwa a cikin gida da jarinta ke kan wannan farantin. Tun shekarun 1970 wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta yi nazarin wannan a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a kan yaran da ke fita talla. Ba na cikin masu kare tallar 'yan mata. Makaranta ta fi musu, kuma abin da suke gamuwa da shi a kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Amma duk kamen da ya tsaya a kan farantin bai kai ga matar da ta ɗora shi ba, gobe ma yarinyar za ta fito, sai dai ta canja lungu. Ta ɓangaren Sabon Gari kuma, inda mata Ibo da Yarabawa ke kasa kayan miya da kifi kafaɗa da kafaɗa da Hausawa masu baro, faɗan taku ɗaya yana iya sauya kama cikin minti kaɗan. Rikicin watan Mayun 1995 daga saɓanin mutum biyu ya faro a kasuwar Sabon Gari. Shugabannin layi sun san haka, shi ya sa suke gaggawar kashe irin wannan wuta, aikin da ba wanda ke biyan su a kai.

Hukuma kuwa hannu biyu take miƙowa, ɗaya da rasidi ɗaya da sanda. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da kes-kes. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. KNUPDA ke da ikon gine-gine, KAROTA da aka kafa a 2012 ke da titi, REMASAB ke da shara, ga hukumomin gudanar da kasuwanni, ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Mutum ɗaya yana iya yankar tikiti da safe a hannun wani, da rana wani ya zo ya ce zamansa a wurin haramun ne, kuma kowannensu yana kan dokarsa. Rasidin yana shaida an karɓi kuɗi ne kawai, ba ya shaida an yarda da zama. Wannan rashin tabbas shi ne tushen tsadar da na ambata. Wanda zamansa ke kan doka sau ɗaya yake biya. Wanda zamansa ke kan alfarma kowa yake biya: mai shago, mai gadi, mai shara, mai tikiti, da duk wanda ya zo da riga mai kama da ta aiki.

Korar ma ba sabuwa ba ce. A Kano ne Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da zango na biyar na yaƙi da rashin ɗa'a, na tsaftar muhalli, a watan Yulin 1985, aka rushe rumfuna da kes-kes a biranen ƙasar nan. Tun daga lokacin kusan kowace gwamnati tana maimaitawa, sakamakon kuma iri ɗaya. Kwana kaɗan titi ya yi fayau, a ɗauki hoto. Sannan a fara dawowa, da farko da kaya a hannu, sai buhu, sai tebur. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ba mutanen da aka kora ne ke dawowa duka ba. Mai ɗan ajiya da zai sake sarin kaya, da wanda ya san wani, su ke riga dawowa, su kama wurare masu kyau. Dattijon da jarinsa duka faifan goro ne, in an kifar da shi sau ɗaya ya tafi ke nan. Kuma kuɗin wuri yakan tashi bayan kowace kora, don masu ba da kariya sun sami hujjar ƙara farashi. Kora ba ta rage yawan masu kasa kaya, sake rabon wuri take yi, daga marar ƙarfi zuwa mai ɗan ƙarfi.

Ba wai hukuma ba ta da hujja ba. Tana da ita, mai ƙarfi ma. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016, da ta cinye dubban shaguna, ba zai yi wasa da maganar hanyar motar kashe gobara ba. Asibitin Murtala yana nan kusa da Ƙofar Mata, kuma mai naƙuda a bayan adaidaita sahu ba ta da lokacin jiran mai baro ya gama ba da canji. Shara tana toshe lambatu, cunkoso yana ba ɓarayin aljihu mafaka. Duk gaskiya ne. Inda nake da ja shi ne wa ake ɗora wa laifin. Lokacin da ambaliya ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta lalata yadi na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa da layukan kasuwa suka nuna da yatsa, kuma ba mai baro ne ke zuba kankare ba. Duk filin ajiye motoci ko wurin sauke kaya da aka mayar bene, motocinsa kan titi suke komawa. Motar mai shago ɗaya da ke fake tun safe har magariba ta cinye wurin da zai ɗauki tebur uku ko huɗu, amma ban taɓa jin an kira ta mai cin titi ba.

Abin da ya faru a filin Idi ya nuna bambancin a fili. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ba da izinin gina shaguna a wurin. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da hawanta. Masu shagunan suka tafi Babbar Kotun Tarayya, a ƙarshen Satumba ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ko mutum yana goyon bayan rusau ɗin ko ba ya yi, abin lura shi ne waɗannan suna da takarda, shi ya sa suka sami ƙofar kotu. Masu shayi da 'yan dako da masu tebur da ke ci a gefen shagunan sun rasa nasu a rana ɗaya da su, amma babu abin da za su nuna wa alƙali.

Sauya matsuguni shi ne maganin da aka fi so a ofis, kuma yana aiki ga wasu. A Fabrairun 2024 hukumomin magunguna suka rufe shagunan masu sarin magani a Sabon Gari, aka tilasta musu komawa Dangwauro a kan titin Zariya. An yi ta ƙorafi, amma mai sarin magani abokin cinikinsa zai bi shi duk inda ya koma, don shi ya fito nema. Mai rake ba wanda zai bi. Ko a cikin Kwari, bayan rushe rumfunan wucin gadi a 2016 da gina 'Yan Tebura Mall, bakin titunan bai daina cika ba. Ko an ba duk tsofaffin masu tebur rumfa, wurin da suka bari yana nan, ƙafar mutane tana nan, kuma akwai ɗari da ke jiran su maye gurbin.

Sauran birane sun gwada hanyoyi daban-daban. Legas ta zaɓi sanda: a 2016 ta sanar da tarar naira 90,000 ko ɗaurin wata shida ga mai talla a titi da mai saye, kuma duk wanda ya shiga cunkoson Legas ya san inda maganar ta kwana. Singafo ta yi wa masu tallarta rajista a 1968 da 1969, ta shafe shekaru tana gina musu cibiyoyi a tsakiyar unguwannin da jama'a suke, amma ita gwamnatinta ke da yawancin ƙasar, kuma masana'antu na ɗaukar 'ya'yan masu tallar aiki, abubuwa biyun da Kano ba ta da su. Wadda ta fi kusa da halinmu ita ce Indiya. Dokarta ta 2014 ta ce a ƙidaya masu sana'ar titi aƙalla duk shekara biyar, kada a kori kowa sai an gama ƙidayar an ba da shaida, kuma kwamitin da zai raba wurare a kowane gari kashi 40 cikin ɗari na kujerunsa na masu sana'ar ne. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, har yanzu ana kora a can ma. Amma mai teburin Delhi yana da dokar da zai riƙe ya shiga kotu, na Fagge ba shi da ita.

Kano ba baƙuwar tsara kasuwa ba ce. Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, kowace sana'a da layinta da shugabanta. Abin da Ibrahim Taiwo ke buƙata bai fi ƙarfin hukuma ba: a ja layi a ƙasa da kowa zai gani, daga nan zuwa nan na masu tafiya ne, ba sulhu, a bar mashigar motar kashe gobara a buɗe dare da rana, abin da ya rage a amince wurin sana'a ne, a ba mai shi kati, ya biya kuɗi ɗaya a wuri ɗaya, rasidin ya zama kariyarsa. Rabon lokacin da masu wurin suka ƙirƙiro da kansu a karɓe shi yadda yake, a mayar da sauke manyan kaya dare ko sassafe.

Wahalar tana wajen ƙidaya. Ranar da aka sanar za a rubuta sunaye, kafin gari ya waye tebura sun ninka, kuma mun sha ganin yadda rumfunan da aka gina don ƙananan 'yan kasuwa ke ƙarewa a hannun masu uwa a gindin murhu, su kuma su ba asalin masu sana'ar haya. Sai dai a ƙirga mutum a inda yake tsaye da kayansa, ba tare da sanarwa ba, da rani da damina, da safe da dare, don mai shayi da ɗan cirani da mai abinci su shiga. A liƙa sunayen a bango kowa ya gani ya yi ƙorafi. Katin kuma ya zama ba ya sayuwa. Ko an yi duk wannan, wasu ba za su samu ba, domin titin ba zai ɗauki kowa ba, kuma gara a faɗa musu haka tun farko a nema musu wasu mahaɗun jama'a, kamar bakin tashoshi da ƙarƙashin gadoji, da a bar su suna biyan kuɗin alfarma.

Kafin a kai ga jan layi ma, sai an sami inda motocin masu shago za su tsaya da inda tireloli za su sauke kaya, in ba haka ba layin a kan takarda zai tsaya. Filayen da suka dace da wannan a kewayen Kwari da Singa yawancinsu an riga an gine su. Ke nan zaman farko da gwamnati za ta yi ba da 'yan tebur ba ne, da masu benaye ne, da jami'an da suka sa musu hannu.